Baƙo Raɓa Ne, Alheri Kuwa Kogi

Karatu: 2 Korintiyawa 8:1-15

Ɗan'uwana mai karatu, idan ka daɗe a Wagadugu, ko a Cissin kake ko a wata unguwa, wataƙila ka tuna da 'yan makarantar Turai da sukan zo lokacin hutu. Kafin su taso sukan yi watanni suna tara kuɗi, wasu da sayar da waina irin tasu, wasu da wanke motoci. In sun iso su yi fentin aji, su dasa itatuwa, su raba littattafai. Hanyar tsohuwa ce, gama tun 1967 birnin Wagadugu ya ƙulla zumunci da garin Loudun na Faransa.

Mun saba cewa su ne masu bayarwa, mu masu karɓa. Amma wa ya tarye su da zoom-koom, ruwan garin geron nan da Mossi suke ba baƙo? Wa ya tuƙa musu tuwo, ya koya musu gaisuwa, ya bar musu ɗakinsa? Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yaran nan ba su koma gida hannu wofi ba.

Manzo Bulus ma ya shirya irin wannan tafiya. Ya tara gudummawa daga ikkilisiyoyin al'ummai domin matalautan masu bi na Urushalima. A cikin karatunmu, waɗanda ya yaba su ne mutanen Makidoniya, masu fama da tsanani da talauci, waɗanda suka roƙa a ba su zarafin bayarwa. Sun fara miƙa kansu ga Ubangiji, sa'an nan suka miƙa abin hannunsu. Bulus ya nuna cewa nufin Allah shi ne daidaito: yalwarka ta yau ta rufe rashin ɗan'uwanka, tasa ta gobe ta rufe naka. A gidan Allah babu wanda aka halitta domin karɓa kaɗai.

Yau zamani ya sāke. Ran 15 ga Janairu 2016 aka kai hari a titin Kwame Nkrumah, mutum 30 suka mutu, 6 daga cikinsu 'yan Kanada ne da suka zo aikin taimako. Tun daga nan irin waɗannan tafiye-tafiye suka ja baya ƙwarai. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, da raɓa ta ɗauke, sai aikin alheri ya tsaya?

Ko kaɗan. Allah ya kawo mana waɗansu baƙi. A 2023 lissafin gwamnati ya nuna mutum fiye da miliyan 2 ne rashin tsaro ya raba da gidajensu a Burkina Faso. Waɗansunsu suna kusa da kai, yaransu kuma ba sa zuwa makaranta. Ba ka bukatar jirgin sama ko fasfo kafin ka kai gare su. Matasan ikkilisiyarku za su iya keɓe ɗan abin da suka samu kowace Lahadi, su sayi alli da littafin rubutu, su zauna su koya wa yaro karatu. Su kuma saurari labarin iyayensa, gama wanda ya rasa kome bai kuwa rasa bangaskiya ba yana da abin da zai koya mana.

Kada ka ce, "Ni ma matalauci ne." Ubangijinmu Yesu Almasihu ya bar wadatarsa, ya shigo talaucinmu, ya ci abinci a gidajen mutane. Ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa a wannan mako?

Addu'a: Ya Uba, na gode domin baƙin da ka taɓa aiko mana. Ka buɗe idona in ga baƙon da ke ƙofata yau, ka buɗe hannuna kuma. Cikin sunan Yesu, Amin.