Laifi Ne A Bar Yaro Yana Kuka?

Wata mai aikin jinya ta kai ɗanta makarantar ƙananan yara ranar fari. Ya riƙe zanenta yana kuka, ta ɓamɓare hannunsa, ta tafi aiki. Yini guda hankalinta bai kwanta ba. Ko ta yi laifi?

Bari mu duba, 'yan'uwa. A shekara ta 1840 wani malami a Jamus, Friedrich Froebel, ya raɗa wa irin wannan makaranta suna lambun yara. Mai lambu kuwa ya sani dashe yakan yi yaushi kwana biyu kafin ya kama ƙasa. Iyayenmu ma sukan kai yaro gidan kaka ranar yaye, ba domin ƙiyayya ba.

Ashe rabuwar ba laifi ba ce. Laifin yana wurin ruɗi. Uwa takan ce, "Bari in sayo maka alewa," sai ta sulale. Ran nan yaron ya koyi shakkar maganar uwarsa. Gara ta faɗa masa gaskiya: "Zan tafi aiki, da azahar zan komo." Ta kuwa cika alkawarinta.

In kun komo gida a gajiye, ku zauna ku ji labarinsa. Dashe yana bukatar ban ruwa da yamma.