Kuɗin Tallafi Da Aka Biya Bisa Kuskure: Kyauta Ne Ko Bashi?

 

A shekarar 2003 gwamnatin Birtaniya ta kafa wani tallafi da ake kira Tax Credit, domin masu ƙaramin albashi da masu 'ya'ya. Hukumar Haraji ce ke biyansa. Akan ƙiyasta abin da mutum zai samu a shekara, a riƙa biyansa bisa wannan ƙiyasi, sai shekara ta ƙare sa'an nan a yi lissafin gaskiya. Idan albashinsa ya ƙaru a tsakani, ko ma'aikacin ofis ya yi jinkirin gyara takarda, sai a tarar an ba shi fiye da hakkinsa.

Daga shekarar 2013 aka fara wani sabon tsari, Universal Credit, wanda ya haɗe tallafi iri shida wuri guda a ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka da Fensho. An rufe Tax Credit ranar 5 ga Afrilu, 2025, amma bashinsa bai mutu tare da shi ba. Wanda ya koma sabon tsari, sai bashin ya bi shi can, a riƙa zare shi daga tallafinsa wata-wata. Daga cikin waɗanda abin ya shafa har da Musulmi mazauna ƙasar. To, mene ne matsayin wannan kuɗi?

Mai karɓa yana da hujjar da ba za a raina ba. Bai yi ƙarya ba, bai roƙi ƙari ba. An zuba masa kuɗi, ya ɗauka nasa ne, ya sayi abinci, ya biya kuɗin haya, watakila shekaru da dama da suka wuce. Yanzu an zo ana nemansa da abin da ya riga ya shiga cikin 'ya'yansa.

Malaman fiƙihu sun raba abu biyu da mutane kan haɗa, watau zunubi da ramuwa. Kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke ramuwa. Ƙa'ida ce sananniya a mazhabar Malikiyya cewa a kan dukiyar mutane, mai ganganci da mai kuskure duk suna biya. Wanda ya yanka akuyar maƙwabcinsa yana zaton tasa ce, babu alhaki a kansa, amma zai biya akuya. Haka wannan mutum: bai ci haram ba a ranar da ya ci, domin bai sani ba. Ranar da takarda ta zo masa, ya duba ya ga lissafin daidai ne, daga ranar ya zama mai bashi. Komawa sabon ofis ba ta wanke shi, domin mai dukiyar bai sake ba, baitulmalin jama'a ne. Kuma kasancewar hukumar ba ta Musulunci ba ce ba ya halatta cin dukiyarta ga wanda ke zaune ƙarƙashin amanarta. Sha'anin bashi ba abin wasa ba ne. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙi sallatar wani mamaci saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Wanda kuwa ya ga ƙarin tun farko, ya gane, ya yi gum, wannan ramuwa da tuba duk sun hau kansa.

Sai dai mai bin bashi ma Shari'a ba ta sakar masa linzami ba, kuma a nan ne abin ya fi ciwo. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umurni da a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Tallafin nan tun asali an auna shi ne a kan abin da zai riƙe rai. Duk fam guda da aka zare, daga tukunya aka zare shi. Da farko doka ta yarda a yanke har kashi 40 cikin ɗari na ainihin tallafin mutum. Aka rage zuwa 30 a 2019, zuwa 25 a 2021, sa'an nan zuwa 15 a watan Afrilu 2025. Ragi uku cikin shekara shida ya isa shaida cewa ma'aunin farko ya yi nauyi. Har wa yau, dokar Universal Credit ta ba ma'aikatar ikon karɓar abin da ta biya fiye da ƙima ko da ma'aikatanta ne suka yi kuskuren. Ikon doka daban, adalci daban. Wanda sakacinsa ya jefa talaka cikin bashi, shi ne mafi cancantar ya sassauta.

Saboda haka babu laifi ga mai bashin ya nemi a nuna masa lissafi dalla-dalla, ya musa idan ya ga kuskure, ya roƙi a rage abin da ake yanka masa, ko a yafe masa gaba ɗaya. Wannan ba taurin bashi ba ne, domin jinkirin da hadisi ya kira zalunci na mai hali ne. Idan hukuma ta yafe, ya kuɓuta duniya da lahira. Idan ba ta yafe ba, kuma hannunsa bai kai ba, ya shiga sahun masu bashi da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata cikin masu cin zakka, kuma ya halatta mawadatan unguwarsa su biya masa daga zakkarsu. Wallahu a'alamu.