Wa Zai Kwana Kusa da Sama'ila?



'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Kristi, a dogon hutun Agusta ne yaranmu kan bar gida su yi 'yan kwanaki a zangon Ikklisiya, kowa da tabarmarsa da kwanonsa. A can ne ɗan ma'aikaci daga Kumbotso kan sa hannu a kwano ɗaya da ɗan manomin shinkafa daga Kura ko Bunkure. Ƙararrawa ta tashe su da asuba, su yi shara, su ɗebo ruwa, su halarci Misa. Da dare kuma sai Rosari, manyan yara na koya wa ƙanana waƙoƙin da su ma aka koya musu bara. Wannan shi ne nufin Bishop Forbin-Janson sa'ad da ya kafa ƙungiyar Holy Childhood a Faransa a shekara ta 1843, wato yara su taimaki yara.

Amma yaro ba ya renon yaro cikin dare. Ku duba Littafin Sama'ila na Fari, sura ta 3. Yaron yana kwance a Haikali, nesa da mahaifiyarsa Hannatu, Ubangiji ya kira shi. Sau uku yana tashi yana sheƙawa wurin Eli, domin bai san muryar ba tukuna. Eli tsoho ne, idanunsa sun dushe, 'ya'yansa na cikinsa ma sun gagare shi. Duk da haka yana kusa, ya farka, ya gane mai kiran, ya koya wa yaron amsar da zai bayar. Da Eli ya tafi gida ya kwana, wa Sama'ila zai tambaya?

Iyaye da yawa sukan kawo yaro bakin ƙofa, su miƙa buhun masara, su juya. Allah ya saka da alheri, amma buhu ba ya jin kukan yaron da zazzaɓi ya kama da tsakar dare, ba ya kuma hana shi sulalewa zuwa wanka a magudanar ruwa. Mun san uzurin: damina ce, ga noma, ga zuba taki. Sai dai tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, rani da damina aiki bai taɓa ƙarewa a ƙasar nan ba. Mai jiran ranar da gona za ta sallame shi, sai ɗansa ya yi gemu.

Saboda haka kowace majami'a ta ba da uba ɗaya da uwa ɗaya, waɗanda jama'a suka shaidi halinsu, domin ba kowa ake damƙa wa yara ba. Maza su kwana a sashen maza, 'yan Zumuntar Mata a sashen 'yan mata, kuma kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai. Wanda ba zai iya dukan kwanakin ba, ya ɗauki dare biyu. A ba katikis sunaye bayan Misar Lahadi, a kuma zo da gidan sauro da tocila.

Ubangiji ya kasance tare da ku.