Ido Ba Mudu Ba Ne: Makaho da Amanar Faifan Garmaho

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Mun tashi mun tarar da wannan magana, muka riƙe ta ba tare da mun tambayi inda iyakarta take ba. Abin da ya sa muka waiwaye ta shi ne wata ziyara da muka kai Idu, can gefen Abuja, inda tashar jirgin ƙasan Kaduna take, wadda aka buɗe a 2016. Mun sauka ne wurin wani tsohon ɗalibinmu, makaho, wanda ya gaji akwati guda na faya-fayen garmaho daga mahaifinsa. A ciki akwai na Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Ya ƙudura niyyar kwafe su cikin kwamfuta da hannunsa kafin ƙura da zafi su gama da su. Baffansa kuwa ya hau kujerar na ƙi, ya ce a kai wa mai ido, domin ma'aunin ƙarfin sautin da ke jikin na'urar kallonsa ake yi. Tambayar da wannan maƙala za ta tinkara ke nan: ko ya dace a damƙa amanar da ma'auninta yake a gaban ido ga wanda ba ya gani?

Yadda Aikin Yake

Sautin faifai yana kwance ne cikin wani siririn kwari da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Idan faifan yana juyawa, sau 33 da sulusi ko sau 45 a minti ɗaya, allura takan bi kwarin tana karkarwa, karkarwar nan ta zama wutar lantarki. Aikin kwamfuta shi ne ta auna ƙarfin wannan wuta sau dubbai a kowace daƙiƙa ta rubuta shi da lambobi. Faifan CD yana ɗauke da awo 44,100 a daƙiƙa guda, ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya kuwa, wato IASA, ta ba da shawarar kada a gaza 48,000 wajen aikin adanawa.

Lambobin nan suna da bakin da ba sa wucewa, wanda ake kira sifili, ana kuma ƙirga abin da ke ƙasa da shi da desibel. Misalinsa misalin mudu ne. Kaset ɗin da muka saba da shi mudu ne mai haƙuri, yana karɓar ɗan tozo kafin muryar ta shaƙe. Mudun kwamfuta kuwa shafe shi ake yi daidai baki, duk abin da ya haura sifili a fille kansa, kuma hatsin da ya zube ba ya komawa. Shi ya sa masu ƙera na'urori suka sanya fitilu, kore da ɗorawa da ja, domin mai aiki ya rage ƙarfin shigar sauti kafin mudu ya batse.

Hujjar Baffa

Bai kamata mu yi wa dattijon nan dariya ba, domin maganarsa tana da tushe. Da yawa daga cikinmu kan ce ai makaho kunne gare shi, sai ya saurara kawai. To amma kunne shaida ne mai rauni a wannan shari'a. Ƙarfin abin da ke shiga kunnen mai sauraro daban, ƙarfin abin da kwamfuta ke rubutawa daban, kowanne da maɓallinsa. Mutum na iya jin waƙa a hankali alhali a ciki tana ta bugun rufi. Daɗin daɗawa, dukan kalangu guda da ya haura iyaka kan wuce cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kunne bai farga ba. Kuma kowane maimaici yana da farashi, domin allura tana cin faifai kaɗan-kaɗan, mawaƙan kuwa sun riga mu gidan gaskiya, ba mai tashinsu su sake rerawa. Wanda ya ji tsoron ɓarna a kan irin wannan gado bai yi laifi ba.

Inda Hujjar Ta Gaza

Kuskuren baffa, wanda kuma kuskurenmu ne baki ɗaya, shi ne ɗaukar fitila a matsayin ma'auni. Fitila manzo ce kawai. Abin da ta zo da shi lamba ce, lamba kuwa ba ta ido ba ce, ba ta kunne ba ce. Ana iya nuna ta, ana iya faɗin ta. Magabata sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mun riƙe ƙarshen karin maganar, mun manta farkonta.

Mun zauna mun ga yadda ɗalibin namu yake yi. Kwamfutarsa tana da manhajar NVDA mai karanta abin da ke allo da murya, wadda wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara a 2006, James Teh, shi ma makaho, ya haɗu da shi. Shi Teh ɗin ne ya samar da OSARA, wani ƙari da ke sa manhajar naɗar sauti ta REAPER ta riƙa faɗin ƙololuwar da sauti ya kai. Ya ɗora allura a wurin da amshi da kiɗa suka fi kaurewa, ya saurari lambar, ya rage, har ƙololuwar ta tsaya wajen desibel 10 ƙasa da sifili. Muka tambaye shi ko wannan fili da ya bari ba asara ba ne. Ya ce, "Malam, ai mudun ya fi hatsin girma nesa ba kusa ba." Gaskiya ya faɗa. Kowane bit guda yana ba da kimanin desibel 6, don haka naɗi mai bit 24 yana da faɗin desibel 144 a lissafi, alhali tazarar da ke tsakanin shurun faifai da ƙararsa ba ta cika wuce 60 zuwa 70 ba. Ana iya ɗaga muryar daga baya ba tare da an tauye ta ba, amma ba a iya mayar mata da kan da aka fille.

Hasali ma, mai ido yana da tasa makantar. Yakan ƙura wa fitila ido ya bar sauraro, alhali fitila ba ta faɗin cewa an juya faifan 33 a gudun 45, ko allura ta tsallake layi, ko gurnanin wutar lantarki ya shiga ƙarƙashin kukan kuntigi. Waɗannan duk kunne ke kama su.

Tarihi ma ya riga mu yanke hukunci. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya sanya shi ladanci tare da Bilal. Fitowar alfijir abu ne na ido, duk da haka ba a karɓe masa aikin ba. Sanar da shi ake yi cewa gari ya waye, sai ya kira salla. Wato an raba tsakanin alama da amana: alamar ta zo ta bakin wani, amanar ta tsaya a wuyansa. Haka kuma a 1878, lokacin da Thomas Edison ya lissafa amfanin na'urarsa ta naɗar murya, ya ambaci littattafan da za su yi wa makafi magana. A shekarun 1930 makafin Amurka suna sauraron littattafai a faifai mai gudun 33 da sulusi, tun kafin kamfanin Columbia ya fito da dogon faifan waƙa a 1948. Ke nan makaho ba baƙo ba ne a gidan garmaho.

Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Idan na'ura ta iya magana amma aka ƙera ta bebiya, nakasar ta maƙerin ce. Idan kuma ta yi magana amma muka hana makaho taɓa ta, nakasar tamu ce. Al'ummarmu ta daɗe tana yarda da bakin makaho tana shakkar hannunsa. Muna koyar da Imfiraji ta Aliyu Namangi a azuzuwanmu, muna jinjina wa haddarsa, amma da wuya mu tuna da ɗalibi makaho idan za a kwafe kaset da faya-fayen da ke jibge a sassanmu na Hausa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, an kuma sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa a Janairun 2019. Sai dai doka ba ta shiga ɗakin gado ta sauya zuciyar baffa, ba ta kuma zauna a taron sashe ta raba aiki. Wannan namu ne.

Kammalawa

Abin da muke tambayar mai riƙon amana shi ne ko ya san iyakar saninsa, ko kuma yana neman shaida a inda gaɓɓansa suka gaza. Ɗalibin nan bai dogara da kunnensa kaɗai ba, ya nemi lamba, ya kuma bar fili saboda abin da bai zata ba. Mai ido da ya cika mudu har baki don ya ga fitila ba ta yi ja ba tukuna, shi ya fi kusa da cin amana. Kafin mu kama hanyar tasha, an ɗora wa baffa abin sauraro a kunne, ya ji Shata daga farko har ƙarshe. Bai ce ya janye maganarsa ba, amma da kansa ya buɗe akwatin ya miƙa faifai na biyu. Allah ya sa mu dace, amin.