RAMIN DA AKA BARI, WA ZAI AMSA TAMBAYARSA?



Duk wanda ya taɓa bi ta Bukuru ko Barikin Ladi ya ga tafkunan nan masu ruwa a kwance, ga tudun jar ƙasa a gefensu. Matasa na zuwa su ɗau hoto su ɗora a Facebook. To, ramukan kuza ne fa, kamfanonin Turawa suka haƙa, suka kwashe, suka kama gabansu. Kuma da hannun kakanninmu aka haƙa su. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, an kwashi mutane ala tilas daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, abin da dattawa ke kira ɗiban gwamna. Da yawansu sanyi da yunwa da cuta suka gama da su a can. Inugu kuwa kwal ne ya gina ta, kuma a mahaƙar Iva Valley 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 ranar 18 ga Nuwamba 1949. Yau mahaƙun sun zama kufai.

Abin da ya sa na kawo wannan: mu ma haƙar muke yi. Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa. Matasan Faskari da Sabuwa kuwa ga Zamfara da Birnin Gwari a maƙwabtansu, inda zinare ke kiran mai ƙarfi a jika. Wata rana motocin za su daina zuwa, ramin kuwa yana nan. Idan yaro mai kiwo ya faɗa ciki da damina, wa ke da alhaki?

Mai ɗan karatu zai yi saurin cewa ai akwai hadisi ingantacce da ya nuna babu diyya kan wanda rijiya ko mahaƙa ta halaka. Ƙwarai akwai shi. Amma malamai ba su bar shi a sake ba. Sun ce wannan hukunci na wanda ya haƙa ne a mallakarsa, ko a dajin da ba hanyar kowa ba. Wanda ya haƙa inda ba a halatta masa ba, kamar kan hanyar jama'a, lamuni na wuyansa, kuma haka Imamu Malik ya tafi. To, burtalin shanu hanyar jama'a ce ko a'a? Bakin gonar marayu fa? Sannan a mazhabarmu ta Malikiyya al'amarin ma'adinai a hannun shugaba yake, shi ke ba da izini saboda maslahar kowa. Ke nan wanda ya sa hannu a takarda, da mai garin da ya karɓi na goro ya kau da kai, su ma suna cikin lissafi.

Ni dai ban yarda a ɗora nauyin kan lebura ba. Mutumin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ya ɗauki diga don 'ya'yansa su ci tuwo, ba shi ya zaɓi wurin ba, ba shi ya kwashi ribar ba. Ƙa'idar fiƙihu ta san cewa wanda ya ci amfani shi ke ɗaukar hasara. Mai kuɗin da ke zaune a Funtuwa ko Abuja yana jiran mota, wanda watakila bai taɓa leƙa ramin ba, shi ya fi kowa kusa da tambayar. Kuma cutarwar ba a bakin rami ta tsaya ba: a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum. Ba su haƙa ba, ba su sayar ba.

Saboda haka tun kafin diga ta taɓa ƙasa, a zauna gaban mai unguwa da liman da shaidu, a rubuta wanda zai cike ramin. A ware wani abu daga kuɗin kowace mota don wannan aikin, a ajiye shi hannun amintacce, kuma a kewaye ramin da ƙaya tun ana cikin haƙa.

Wallahu A'alam.