Abin da laka ta riƙe

Ya Ubangiji, da safen nan tunanina yana kan laka.

Kogin Kwara yana shigo mana ta Dole Kaina, ya baro Gaya da Malanbil, ya nufi wajen Bagudo. Idan ya cika ba ya tafiya hannu rabbana. Yana ɗauke da karan shinkafar fadama, da ciyawar burgu, da kainuwa, da gansakukar nan mai sa gindin kwalekwale santsi. Dukansu da hasken ranarka suka haɗa sukari da sitacin da ke jikinsu.

Wani daga cikin kayan nan ya kwanta a tafkin Kainji, inda aka datse kogin a 1968. Wani ya wuce har Neja Delta, ya gauraya da ganyen itatuwan bakin teku da tsiron ruwan gishiri, ya nitse.

Abu mai zaƙi ba ya jimawa, masu cinsa sun yi yawa. Ƙwayoyin bakteriya sukan gama da mafi yawansa tun bai kai ƙasa ba. Ɗan abin da ya kai kuwa, laka ce ke binne shi. Can ciki iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ruɓa ta ragu. Yumɓu da sinadarin ƙarfe su manne masa, su tare wa masu ci hanya. A haka wani sai ya yi ɗaruruwan shekaru.

Nan zuciyata ta tsaya. Wannan abu ba shi da ƙarfin kansa ko kaɗan. Riƙe shi aka yi.

Ka san yadda nake damuwa da abin da ya bar hannuna. Addu'ar da nake yi wa mahaifiyata. Mudun shinkafar da aka miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga. Haƙurin da na yi, ba wanda ya gani. Nakan ce ruwa ya tafi da su.

To, ruwan ma naka ne, haka laka. Ba wurin da ya yi maka zurfi.

Ni ma haka nake, ya Ubangiji, mai saurin lalacewa. Niyyar da na ƙulla da asuba, kafin azahar ta soma kwancewa. Amma kana kusa, kuma rahamarka ba ta jiran in yi ƙarfi tukuna.

Ina so in daina bin diddigin kowane alheri don in ga inda ya sauka. Ka koya mini in saki. Yau akwai aiki a gabana, da mutanen da zan gamu da su a kasuwar Kamba, wasu masu sauƙi, wasu masu wuya. Ka riƙe harshena a tsakaninsu, ka riƙe ni.