Batirin Motar Nan Ba A Kai Shi Bakin Hanya

Ɗana, labarin abin da ka yi wa motarka ya iso ni, kuma bai yi mini daɗi ba. An ce da ta ƙi tashi sai ka sa yaro ya kwance batirin, ya kai wa mai caji a bakin hanya, ya kwana a kan babbar caja. Ai da ka tambaya kafin ka ɗauki sifana. Kuɗin da ka zuba a motar nan sun wuce a yi mata irin riƙon da muka yi wa Fijo 504.

Batir biyu gare ta. Akwai na volt 48, na lithiyam, sannan akwai na volt 12 da ka sani. Tun 2017 Mercedes da Audi suka fara fitar da irin wannan tsari, kuma ba ta da altaneta irin wadda ka saba gani. Janaretar da ke jikin injin ita ke tara wuta idan ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki, ta zuba a babban batir. Daga can wata na'ura ke sassauta ƙarfin wutar zuwa wajen volt 14, ta ciyar da ƙaramin. Shi kuwa ƙaramin, shi ke tayar da kwamfutar mota, ita ce kuma ke ba babban izinin sakin wuta. Idan ya mutu, ko babban a cike yake, motar ba za ta motsa ba.

Kuma kai ka jawo masa yunwar. Daga gida zuwa shago, daga shago zuwa gida, sannan ka ajiye ta makonni a rana. Yaushe zai ƙoshi?

Irin waɗannan motoci yawanci batirin AGM ake sa musu a matsayin ƙaramin, a rufe yake ruf. Cajinsa bai kamata ya wuce wajen volt 14.7 ba. Cajar bakin hanya kuwa ba ta san iyaka ba, tura wuta kawai take yi har batir ya ɗau zafi, kuma ruwan da ya ƙone a cikinsa ba a iya mayar da shi. Saboda haka ka sayi ƙaramar caja mai tsarin AGM, wadda ke tsayawa da kanta idan ya cika. Ka bar batirin a mazauninsa. Jan bakin cajar a kan jan kai, baƙin kuma a jikin ƙarfen mota, inda littafinta ya nuna. Kada ka maƙala shi kai tsaye a kan baƙin kan batir, domin akwai sensa a wurin mai ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita. Idan ka tsallake ta, kwamfuta za ta ci gaba da ɗaukar batirin a matsayin mai rauni.

Ka nemi mitar auna volt ma, ba ta da tsada. Da safe kafin ka tayar, 12.6 zuwa sama lafiya lau, 12.2 kuwa ya kusa rabi, sai caji.

Kada ka yarda wani ya cire kan batir injin na aiki wai gwaji yake yi. Na volt 48 kuma kada kowa ya taɓa shi sai wanda ya koyi aikinsa. Idan gwaji ya nuna ƙaramin ya lalace, ka sayi irinsa, mai ƙarfinsa, ka kai wa mai wayarin da ke da kwamfuta ya shigar wa motar bayanin sabon.